Ciwo Biyu a Jiki Ɗaya: Waiwaye Kan Jinyar Taɓin Hankali da Shaye-shaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Malamanmu sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su. A babin hukunci kuwa sun bambance mutum biyu: wanda hankalinsa ya gushe saboda ciwo an ɗauke masa alƙalami, wanda ya gusar da nasa da abin maye kuwa akwai haddi a kansa. Wannan rabon daidai ne a gaban alƙali. To amma ina makomar wanda abubuwan biyu suka haɗu a kansa, ga taɓin hankali ga jarabar shaye-shaye? Wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? Tarihin shekaru ɗari da suka wuce ya nuna cewa wannan bawan Allah shi ne kowace ƙofa ta riƙa mayarwa ga 'yar'uwarta.

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata na Yaba da ke Legas a 1907, suka kafa dokar mahaukata a 1916, aka sabunta ta a 1958. Manufar waɗannan dokoki ita ce a killace mutum don kada ya dami jama'a, warkarwa kuwa ba ita ce a gaba ba. Shi ya sa da yawa daga cikin marasa lafiyar suka ƙare a gidajen yari tare da masu laifi.

A 1954 ne aka ga sabon salo. Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatun likitancin ƙwaƙwalwa a Ingila, ya fara aiki a asibitin Aro da ke Abekuta. Sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su riƙa saukar da majinyata a gidajensu. Kowane majinyaci yana zuwa da wani ɗan'uwansa da zai zauna da shi, ya dafa masa abinci, ya raka shi karɓar magani da rana, da dare ya kwana cikin mutane. Lambo bai tsaya nan ba, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, domin ya lura cewa wurinsu jama'a ke fara zuwa. A Sudan ma Dakta Tijani al-Mahi ya bi irin wannan hanya, ya ƙulla fahimta da shehunan da ake kai musu masu taɓin hankali. Darasin duka biyun ɗaya ne, wato hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai shi shaye-shaye ta wata ƙofa daban hukuma ta shigo da shi, ƙofar laifi da horo. Gwamnatin soja ta kafa dokar tabar wiwi mai tsananin hukunci a 1966. A 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Babu mai musun cewa dillalan guba sun cancanci hukunci. Abin da ya faru shi ne, mai shan ma sai aka fi kallonsa da idon ɗan sanda fiye da idon likita. Asibitin Aro ya buɗe sashen jinyar masu shaye-shaye a 1983, amma irin wannan sashe ya yi ƙaranci ainun a ƙasa mai girman Najeriya.

Kada mai karatu ya zaci wannan rabuwa tamu ce mu kaɗai. A Amurka ma tsari biyu aka gina, kowanne da kuɗinsa da ma'aikatansa. Asibitin ƙwaƙwalwa yakan ce wa majinyaci ya je ya daina sha tukuna, cibiyar masu shaye-shaye kuma ta ce ba ta karɓar mai taɓin hankali, wasu cibiyoyin har sukan hana shan maganin da likita ya rubuta. Sai a 1990 aka buga sakamakon wani babban bincike da ya tona asirin wannan tsari. An gano cewa kashi 47 cikin 100 na masu cutar sikizofiraniya, wato mai sa mutum jin muryoyi da zargin abin da babu shi, sun taɓa faɗawa matsalar giya ko ƙwaya. Fiye da rabin masu matsalar ƙwaya kuma sun taɓa fama da wata cutar ƙwaƙwalwa. Ashe wanda ake ɗauka baƙo a kowace ƙofa shi ne ɗan gida.

Dalilin haɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Wani ciwon damuwa ko firgici ke hana shi barci, sai ya nemi sauƙi a kwalba. Wani kuwa wiwi ce ke tayar masa da ciwon da ke kwance. Sau da yawa kuma tushen ɗaya ne, kamar gado ko wata musiba da ta same shi tun yana yaro. In aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, wanda aka bari shi ke dawo da ɗan'uwansa. Saboda haka tun daga ƙarshen shekarun 1980 Dakta Robert Drake da abokan aikinsa a jihar New Hampshire suka gwada ƙungiya guda mai ɗauke da likita da ma'aikacin jinya da mai ba da shawara, ta kula da ciwon biyu a lokaci guda, ta jawo iyali, kuma ba ta korar majinyaci don ya koma sha. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin da ya haɗa cututtukan ƙwaƙwalwa da shaye-shaye a kundi ɗaya domin ma'aikatan ƙananan asibitoci.

Mu dawo gida. Ruwan kodin da tiramol sun yi wa Arewa ɓarnar da kowa ya gani, har gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya sun kai miliyan 14.3. Iyayen da suka rasa inda za su sa kansu sai suka nufi gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki, sannan aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Abin takaici, da sunan addini aka buɗe wuraren. Sarƙa ba ta warkar da mai jin muryoyi, bulala kuma ba ta cire jaraba. An yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙoƙinsa. Amma doka takarda ce, sai an samu masu aiki da ita.

Ya kai ɗan'uwa, tuna da sahabin nan da Imam Bukhari ya ruwaito labarinsa. An sha kawo shi gaban Manzon Allah (SAW) kan shan giya ana yi masa haddi. Da wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An tsayar da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba, komawarsa ga laifin kuma ba ta rufe masa ƙofa ba. Wannan shi ne abin da likitoci suka gano bayan doguwar wahala.

Don haka malamin da aka kawo wa yaro ya yi masa addu'a da nasiha, sannan ya tura shi asibiti, kamar na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, kada ya ce a ajiye maganin likita. Likita kuma ya tambayi mai damuwa abin da yake sha, ya tambayi mai sha abin da ke damunsa, ya girmama malamin da iyali suka amince da shi. Iyaye su daure, su san cewa komawa sha bayan an daina wani sashe ne na ciwon, ba ƙarshen fata ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryar da zuriyarmu, Ya tsare mana hankulanmu har ƙarshen rayuwa. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.