Binciken kundin abokan ciniki a Kasuwar Litinin

Binciken kundin abokan ciniki shi ne bin diddigin bayanan da ɗan kasuwa ke adanawa game da masu sayen kayansa, domin tabbatar da ingancinsu da tsaronsu. Manyan kamfanoni na ajiye irin waɗannan bayanai a manhajar kwamfuta kamar Salesforce ko Zoho. A Kasuwar Litinin, babbar kasuwar Maiduguri a jihar Borno, kundin yakan kasance littafin bashi, lambobin waya, saƙonnin WhatsApp da rasiɗin na'urar POS.

Yadda ake yi

Mai bincike yakan gwada abin da ke littafi da kuɗin da suka shiga asusun banki. Yakan cire sunan da aka maimaita da lambar da ta daina aiki, ya ware tsohon bashi, ya tantance wanda ke da izinin rubutu a kundin: maigida ko yaran shago. Sannan ya tabbatar akwai kwafi a wajen shagon.

Muhimmanci

Gobarar 26 ga Fabrairu 2023 ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar, ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumba 2024 kuma ta malale ta. Littafin da ya ƙone ko ya jiƙe yakan tafi da shaidar bashin mai shi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin kiyaye su.