Atisaye

atisaye (suna, namiji)

1. Gwajin yaƙi da sojoji ke yi don ƙwarewa, ba da abokan gaba na gaske ba. *Sojoji sun fita atisaye tun da asuba.*

2. atisayen sama na haɗin gwiwa: wanda jiragen yaƙi na ƙasashen ƙawance ke taruwa su yi, kamar Red Flag da Amurka ta fara a 1975 a sansanin Nellis, jihar Nevada. Akan kasa jiragen gida biyu: rundunar shuɗi ta kai farmaki, rundunar ja ta tare ta da dabarun maƙiyi. Bayan sauka, a zauna a bi kurakuran kowane matuƙi ɗaya bayan ɗaya.

3. Motsa jiki. *Likita ya umarce shi da yin atisaye kullum.*