Kartar duba ta Turawa da littafinta: a saya ko a bari?

'Yan uwa na Hirafok da Idles da cikin garin Tamanrasset. Samarinmu da suka yi boko sun fara kawo mana maganar wata karta mai hotuna da Turawa ke duba da ita, wadda suke kira taro, da kuma littafin da ya fi shahara a kanta, wato The Pictorial Key to the Tarot na Arthur Edward Waite. Suna tambaya ko ya cancanci a fitar da dinari a saye shi. Kafin mu ce wani abu a kan ciniki, ya kamata a san asalin hajar.

Kartar wasa ta shiga Turai ne wajajen 1370, kuma daga ƙasashen Musulmi ta fito. Har yau akwai kartar zamanin Mamalik na Masar a ajiye a fadar Topkapi ta Istambul: gida huɗu gare ta, kofuna da kuɗi da takubba da sandunan wasan ƙwallon doki, kuma babu hoton mutum a jikinta, sai ado da rubutu. Wajajen 1440, a fadojin Milan da Ferrara na Italiya, aka ƙara mata wasu katuna masu hotuna, har daga baya adadin ya tsaya a 78, wato 56 na asali da 22 na ƙari. Hotunan kuwa na duniyar Nasara ne ta lokacin: Fafaroma, sarkin sarakuna, mutuwa, Shaiɗan, tashin ƙiyama. Fiye da shekara ɗari uku wasa kawai ake yi da ita, kamar yadda ake dara a gindin bishiya, kuma a Faransa har gobe ana wasan.

A 1781 ne wani malamin coci, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katunan ragowar wani littafin asiri ne na tsoffin malaman Masar. Bai kawo hujja ba, ba shi ma da hanyar samunta, domin sai a 1822 Champollion ya buɗe karatun rubutun Fir'aunawa, kuma da aka karanta ba a ga taro a ciki ba. Amma magana ta riga ta fita. Wani ɗan kasuwar Faris mai sayar da irin shuka, Alliette, ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya raba wa kowane kati fassara, ya mai da abin sana'a.

Waite ya zo ne a ƙarshen wannan layi. A 1909 aka buga kartarsa a Landan, da zanen wata mata, Pamela Colman Smith, littafin kuma ya biyo baya. A yi masa adalci: shi da kansa ya ƙaryata labarin Masar a cikin littafin, kuma bai ɓoye rainin da yake yi wa masu duba na kasuwa ba. Duk da haka ya jera fassarorinsu, har kati ɗaya ya zo da ma'anoni masu karo da juna. Mai saye yana neman mabuɗi, sai ya tarar mai mabuɗin ma yana kokwanton ƙofar.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira khattur ramli, mai siffofi 16, sun san littafin Zanati a kansa, sun kuma san Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Ahmad al-Buni, wanda nisbarsa ke komawa Buna, Annaba ta yau, a nan ƙasar. Daga Katsina ma an yi Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, gwanin lissafi da hatimi, mai Durrul Manzum, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihi. Abin lura, bugun ƙasa shi ma ya ƙetara teku: tun ƙarni na 12 aka fassara shi zuwa Latin a Andalus. Saboda haka kada wani ya ɗauka Turawa ne suka zo da sabon abu.

Hukuncin da ya fi gamsar da mu shi ma a ƙasar nan aka rubuta shi. A 1377, a Ƙal'at Ibn Salama da ke yankin Tiyaret, Ibn Khaldun ya tsara Muƙaddima, kuma a cikinta ya bi bugun ƙasa dalla-dalla. Abin da ya nuna shi ne mutane ne suka ƙaga siffofin, su ne suka raba musu sa'a da nahisa bisa ganin dama, babu wata igiya da ta ɗaure ɗigon yashi da abin da zai faru gobe. A cire yashi a sa kati, maganar ba ta canja ba, sai ma dai a wajen taro mun san sunayen waɗanda suka yi rabon da shekarun da suka yi shi. Ga kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, mai gargaɗin cewa wanda ya je wa ɗan duba da tambaya ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman. A 2024 Aljeriya ta yi wa dokar laifuffuka gyara, ta tsananta hukuncin masu sana'ar sihiri da bokanci. Mu tsiraru ne a Ahaggar, kuma laifin mutum ɗaya kan zama sunan kowa. Yaron da ya sayi karta don nishaɗi, in maƙwabta suka fara kawo masa kuɗi ya duba musu aure ko tafiya, ya shiga abin da dattawa ba za su iya fitar da shi cikin sauƙi ba.

To, a saya? Mai nazarin tarihi da ke jin Turanci, wanda yake son ganin yadda wasa ya rikiɗe ya zama duba, zai ƙaru da babin da Waite ya yi kan asalin katunan, kuma ba sai ya biya ba: marubucin ya mutu tun 1942, littafin yana kan intanet kyauta. Wanda kuwa yake son sanin ko kayansa za su isa Agadas lafiya, babu shafi ɗaya a ciki da ya san hanyar In Gezzam.