Dutsen Dala da Mafarin Kano

Wanda ya hau matakalar Dala ya tsaya bisa ƙololuwarsa zai hangi Goron Dutse ta yamma, da ragowar ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ginawa. Galibin masu hawan sukan sauko da labari guda, wato na Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda a shekarar 999. Abin da littafin ya adana ke nan, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908. Littafin kuwa na sarakuna ne.

Sai dai ƙasar gindin dutsen tana da tata shaidar. An tono ragowar matoyar tama a wurin, awon masana kuma ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a nan, kimanin shekara 300 kafin Bagauda. Ashe ke nan tama ta riga sarauta tara jama'a a Dala. Hakan ya dace da faɗar Abagayawa cewa kakanninsu maƙera ne daga Gaya. Abin takaici, gidaje sun rufe mafi yawan wannan ƙasa tun ba a gama tona ta ba.