Asalin Rikicin Rubutun Ingilishi

Kurakuran da ɗalibai ke yawan tafkawa wajen rubuta kalmomin Ingilishi suna da tushe a tarihin harshen, domin rubutun ya tsaya cik a lokacin da furucin yake ci gaba da sauyawa. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, kuma hakan ya zo ana tsakiyar wani babban sauyi a furucin dogayen wasula, wato sautukan da ake furtawa ba tare da tare iska ba, wanda ya ɗauki kusan ƙarni uku. Sai littattafai suka riƙe tsohon salo, bakin jama'a kuwa ya yi gaba. Wasu baƙaƙen ma sun faɗi daga furuci, shi ya sa har yau ake rubuta "gh" a cikin "night", alhali sautin da take wakilta ya daɗe da ɓacewa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne karambanin masana na wajajen ƙarni na 16, waɗanda suka cusa "b" cikin "debt" da "doubt" don nuna asalinsu na Latin, har aka saka "s" a "island" bisa kuskure, tunda kalmar tsohuwar Ingilishi ce. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya tabbatar da akasarin wannan gado, sannan Noah Webster ya fitar da nasa a Amurka a 1828 ba tare da "u" a "colour" ba, lamarin da ya bar ɗalibin Najeriya yana koyon salon Birtaniya a aji, yana kuma cin karo da na Amurka a kwamfuta.