Daga ƙahon wanzami zuwa tiramol: tarihin maganin ciwon jiki a ƙasar Haɗeja

1/ Jama'a, yau zan ja zare kan abin da muke haɗiya kullum ba tare da mun san asalinsa ba: maganin ciwon jiki. Ku biyo ni har ƙarshe, maganar ta shafi ƙodarmu.

2/ A da, idan manomin fadama ko masunci ya dawo baya ya riƙe, wanzami ake kira ya yi ƙaho. Targaɗe da karaya na maɗori ne. Ga gashi da ruwan zafi, ga kanumfari a kogon haƙori. Kanumfarin nan ba camfi ba ne, akwai sinadarin eugenol a cikinsa mai kashe zafi.

3/ A Turai ma daga tsirrai aka faro. Wajen 1805 wani Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya fitar da morphine daga opium. A 1899 kamfanin Bayer ya fito da aspirin. Wato ranar da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, aspirin na da shekara 7 a kasuwa.

4/ Panadol ya shiga kasuwar Ingila a 1956, ibuprofen a 1969. Abin mamaki, sai 1971 John Vane ya gano yadda aspirin ke aiki: yana hana jiki haɗa prostaglandin, sinadarin da ke kawo kumburi ya ƙara wa jijiyoyi jin zafi.

5/ Ku gane wannan: ciwo ba iri ɗaya ba ne. Akwai na rauni da kumburi, kamar yankan lauje ko ciwon gwiwa. Jijiya ce ke ɗaukar saƙo, ta laka, zuwa ƙwaƙwalwa. Nan ne su ibuprofen da diclofenac ke aiki.

6/ Akwai kuma wanda jijiyar ce da kanta ta lalace, irin raɗaɗin tafin ƙafar mai ciwon suga. Ko kwali guda na diclofenac ka shanye ba zai ji ba. Likita kan rubuta amitriptyline ko pregabalin.

7/ Sai su morphine, kodin da tiramol. Ba sa taɓa raunin, a laka da ƙwaƙwalwa suke rage saƙon. A 1986 WHO ta tsara matakala uku don masu ciwon daji: a fara da mai sauƙi, a hau sama gwargwadon zafi.

8/ Tiramol ya fito a Jamus a 1977. Da ya iso nan sai ya zama "maganin ƙarfi" na ranar girbi da dako. Asibiti na ba da 50mg ko 100mg, na fasa-ƙwauri har 225mg. Ƙarshensa kamu, wani lokaci jijjiga irin ta farfaɗiya. A Mayun 2018, bayan rahoton BBC, gwamnatin tarayya ta haramta sirof mai kodin.

9/ Amma wanda ya fi damuna shi ne "haɗin" kemis, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda. Prostaglandin ɗin da ake toshewa, shi ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda, shi ke kare bangon ciki. Ka yini a gonar shinkafa a Auyo, gumi ya zuƙe ka, da magariba ka kora diclofenac da ibuprofen tare. Ƙoda ce za ta biya.

10/ Duk mun san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin nan, daga Haɗeja har Gashuwa. Mai zama a irin wannan wuri bai kamata ya ƙara wa ƙodarsa kaya ba.

11/ Don haka: kar a haɗa diclofenac da ibuprofen. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Paracetamol ma kar babba ya wuce ƙwaya 8 na 500mg a rana, hanta yake ci.

12/ Kuma don Allah, mai sikila da ke neman allura mai ƙarfi a asibiti ba ɗan ƙwaya ba ne, haƙƙinsa ne. Ciwon da ya wuce sati bai lafa ba, a je a duba dalilinsa. A tura wa 'yan uwa na gona. Allah Ya ƙara mana lafiya.