Ranar da Gulbi Ya Daina Ciyar da Kifi

Kafin a datse gulbin Rima, masuncin Wurno bai san wani abu wai shi kuɗin abincin kifi ba. Da damina ta kankama ruwa kan malale fadama, tarwaɗa da karfasa su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ta kiwo a inda shanu suka bar taki da rani. In ruwa ya janye sai kifi ya maƙale a tafkuna, gari ya fito su da homa da gora. Jarin masunci bai wuce koma da kwalekwale ba, sauran duk ambaliya ke biya.

A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wanda ke ratsawa ta Rabah, a 1984 kuma ta Goronyo a kan Rima. Noman rani da ruwan sha aka yi wa lissafi, kifi bai shiga ciki ba. Tafkin Goronyo ya samar da wurin su, gaskiya ne, amma a ƙasan madatsun malalar ruwa ta ragu, makwancin ƙwai ya ƙuntata.

Wannan giɓi ne mai kiwon tarwaɗa a kududdufi ko tankin siminti yake son cikewa yau, sai dai duk abin da gulbi ke bayarwa kyauta shi saye yake yi: 'ya'yan kifi, fetur na injin ban ruwa, uwa uba abinci, wanda kan lashe kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da zai kashe kafin kifin ya isa sayarwa a wata huɗu zuwa shida.

Ta nan teku ta shigo maganar, duk da nisanta da Sakkwato. Abincin tarwaɗa mai inganci yana ƙunshe da garin ƙananan kifayen teku, irin wanda ake niƙawa a Peru da Muritaniya, masu kiwon kifi a kejin teku a Norwe ma shi suke nema, da dala kuma ake cinikinsa. Ga ganina, masu cewa matasanmu su rungumi kiwon kifi sukan tsallake wannan shafi. A 2023, da aka janye tallafin fetur a watan Mayu, aka saki naira a Yuni, buhun abinci da man injin suka tashi tare, alhali mai sayen banda a kasuwar Acida aljihunsa na nan yadda yake.